Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Nazari a kan Sauya Tsohuwar Kwamfuta

Gabatarwa

A garin Dogo, kan hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Magarya, akwai wani malamin kwaleji mai kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ya saya ta hannu a birnin Zinder tun shekarar 2014. Ko a lokacin ba sabuwa ba ce, don kuwa wani ofishi a Turai ya riga ya ci moriyarta kafin ta ƙetaro teku. A cikinta yake shirya darussa, yake buga tambayoyin jarrabawa, yake lissafa makin ɗalibai. A cikinta kuma ya tara tatsuniyoyi da karin magana waɗanda ya yi shekaru yana rubutawa daga bakin tsofaffin ƙauyukan kwarin Korama. Yanzu ta gaji. Sai an kunna ta an je an yi alwala an dawo kafin ta farka, batirinta ba ya riƙe wuta, sannan ga sanarwa tana yawan fitowa cewa kamfanin da ya yi manhajar da ke tafiyar da ita ya daina kula da ita. Ana cikin haka sai wani ɗan'uwansa mai fatauci tsakanin Kano da Damagaram ya kawo masa sabuwa fil, siririya, marar nauyi, ya ce ya ɗauka ya riƙa biya da kaɗan-kaɗan. Kuɗinta ya haura albashinsa na wata biyu.

A ido, wannan magana ce ta ciniki kawai. Amma kuɗin da za a kashe akwai masu haƙƙi a cikinsu: iyali, da hatsin da ake saya a ajiye kafin farashi ya tashi da bazara, da maganin mahaifiya. Aikin da kwamfutar ke yi shi ma akwai masu haƙƙi a cikinsa, wato ɗalibai. Da zarar haƙƙi biyu sun ci karo, to, magana ta tashi daga kasuwa ta koma fagen tarbiyya da sanin ya-kamata. Wannan maƙala za ta duba tambaya guda: yaushe ne riƙe tsohon abu yake zama ƙana'a, yaushe kuma yake zama rowa?

Wa ke yanke wa abu hukuncin tsufa?

Manomi ba ya buƙatar a gaya masa cewa haiwarsa ta tsufa. Bakinta ne zai cinye, ya gani da idonsa, ya kai wa maƙeri. Haka riga, haka tukunya. Tsufan kayan gargajiya a jikinsu yake, kuma mai abu shi ke yanke hukunci. Kwamfuta kuwa tana da tsufa iri uku, kuma raba su shi ne matakin farko na fahimtar al'amarin.

Na farko shi ne tsufan jiki: batir ya mutu, ƙurar hunturu ta toshe fankar da ke sanyaya ta, faifan ajiyarta mai juyawa ya fara gardama. Wannan tsufa na gaskiya ne, kuma galibinsa yana da magani.

Na biyu shi ne tsufan da ake yanke mata daga nesa. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows XP a 2001, ya daina kula da ita a watan Afrilu na 2014. Windows 7 ta fito a 2009, aka sallame ta a watan Janairu na 2020. Windows 10 ta fito a 2015, wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ga wanda ya shiga wani tsari na ƙarin lokaci. Magajiyarta, Windows 11, ta gindaya sharuɗɗan da akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin wajen 2018 ba su cika ba. Ke nan na'ura tana iya kwana lafiya lau, ta wayi gari an ce ta tsufa, alhali ko ƙusa ɗaya ba ta kwance a jikinta ba. Wannan ɗabi'a ta daɗe a duniyar masana'antu. A ƙarshen 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Janeba suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1000 yana ci, har da tara ga wanda nasa ya zarce. Ƙasar Faransa sai da ta kafa doka a watan Agusta na 2015 wadda ta mayar da gajarta ran kaya da gangan laifi, mai hukuncin ɗaurin shekara 2 da tarar yuro 300,000. Daga Janairun 2021 kuma ta wajabta a riƙa manna wa wasu kayan lantarki, har da kwamfutar tafi-da-gidanka, maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaransu. Ba a kafa doka a kan abin da ba ya faruwa.

Na uku shi ne tsufan ido. Na'urar tana aiki, amma mai ita ya fara jin kunyar fito da ita a taron malamai, domin abokan aikinsa sun zo da sirara masu ƙyalli. Wannan tsufa a zuciyar mai abu yake, kuma shi ya fi wuyar ganewa, saboda yakan ari bakin sauran biyun ya yi magana.

Ma'aunin malamai da rigar Diderot

Malaman Musulunci sun daɗe da tanadar ma'auni ga irin wannan ruɗani. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na birnin Garnaɗa a Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya yi bayani mai faɗi a kan kasa bukatun ɗan Adam hawa uku: larura, wadda in babu ita rayuwa ko addini ko dukiya za su salwanta, buƙata, wadda in babu ita za a rayu amma cikin ƙunci da wahala, sai ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa kyau da armashi. Babu hawan da aka haramta a cikinsu. Abin da aka hana shi ne a ɗora na ƙasa a kan na sama, a ci bashi don ƙawa alhali larura tana jira a bakin ƙofa. Alƙur'ani mai girma kuma, a Suratul Furƙan, ya yabi bayin da ke tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro wajen ciyarwa. Abin lura a nan shi ne gefen biyu aka zarga. Mutane sun fi saurin ganin laifin mai ɓarna, su manta cewa mai maƙo shi ma ya kauce hanya.

Malaman Faransanci sun san wani labari da ya dace da wannan wuri. Wajen shekarar 1769 Denis Diderot ya rubuta wata ƴar maƙala ta nadamar rabuwa da tsohuwar rigarsa ta zaman ɗaki. An ba shi sabuwa ja mai tsada. Da ya sa ta sai ya ga kujerarsa ba ta dace da ita ba, ya sauya. Sai tebur, sai hotunan bango, har ɗakin ya zama ba nasa ba, aljihu kuma ya yi sauƙi. Masu nazarin halayyar masu saye sun sa wa wannan hali sunansa. Sabuwar kwamfuta ma ba ta zuwa ita kaɗai. Da yawa daga cikin sirarar nan ba su da mashigar faifan DVD, ba su da ramin da tsohon majigin makaranta ke shiga, sai an sayi mahaɗi. Tsohuwar na'urar buga takardu mai yiwuwa ba za ta gane ta ba. Windows 11 tana neman intanet tun ranar da za a fara kunna ta, kuma tana yawan sauke sabuntawa masu cinye kuɗin kati. Wanda ya lissafa farashin kanti kaɗai bai gama lissafi ba. Hausawa suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Hujjar mai son sabuwa

Sai dai adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsa ba ta wasa ba ce. Tarihin Damagaram kansa ya isa misali. Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884, bai ce kwari da baka sun ishi kakanninsa don haka sun ishe shi ba. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya sayo bindigogi ta hanyar ayarin Tarabulus, ya sa aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a cikin garinsa. Da haka Damagaram ta zama daular da maƙwabta ke shakka. Amma shekara 15 bayan rasuwarsa, a Tirmini cikin 1899, rundunar Sarki Ahmadu Kuran Daga ta gamu da sojojin Faransa waɗanda ba su kai ta yawa ba, makaman zamanin Tanimu kuwa suka kasa tsayawa gaban bindigogi masu saurin ɗuri. Darasin yana da fuska biyu. Ta farko, na'ura ta fi amfani ga wanda ke da maƙeran da suka san cikinta. Ta biyu, zamani ba ya jiran kowa, kuma abin da ya isa jiya yana iya zama sanadin faɗuwa yau.

A dawo kan malamin Dogo. Makin ɗalibai ɗari da wani abu amana ce. In faifan ya mutu ana saura mako guda a raba sakamako, ba malamin kaɗai zai sha wahala ba. Tambayoyin jarrabawa sirri ne, kuma kwamfutar da aka daina toshe wa kafofin ɓaraka ta fi sauƙin kamuwa da cutar da ke yawo a ƴan ma'ajiyar USB daga wannan shagon buga takardu zuwa wancan. Batun batir ma ba ƙarami ba ne. A watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya ga bambanci tsakanin na'urar da ke riƙe caji awa shida da wadda ke mutuwa tare da ƙwan ɗaki. Sannan ga lokaci. Malamin da ke ɓata rabin awa kullum yana jiran na'ura ta buɗe, daga lokacin gyaran takardun ɗalibai ko na iyalinsa ya ciro wannan rabin awa.

Bugu da ƙari, aikin malamin Hausa ya ƙaru. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa tare da Faransanci a Zinder, a 1999 aka daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar, a watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi yana buƙatar littattafai, da ƙamus, da muryoyin tsofaffi da aka naɗa kafin su kau. Ba za a yi wannan aiki da kayan da ke sumewa tsakar tafiya ba. Wanda yake da hali, aikinsa kuma yana cutuwa, amma ya ƙi sauyawa yana cewa ƙana'a ce, ya binciki zuciyarsa da kyau. Ƙana'a ita ce mutum ya haƙura da rashin abin da zai ƙara masa jin daɗi. In kuwa wasu ne ke biyan kuɗin haƙurinsa, sunan abin rowa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Waɗanda ba sa wurin ciniki

Akwai wasu masu haƙƙi da ba a gayyata wurin ciniki ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaɗa a 2004 ya nuna cewa ƙera kwamfutar tebur guda tare da allonta, a wancan zamani, yana cin kimanin kilo 240 na makamashin ƙarƙashin ƙasa, da kilo 22 na sinadarai, da lita 1500 na ruwa. Ma'adinin kobal da ke cikin batir kuwa, kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke haƙowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, wani sashe nasa daga ramukan da talakawa ke tonawa da hannu. Wannan a farkon rayuwar na'ura ke nan. A ƙarshenta kuma, rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22 da ɗan ɗori cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Afirka ta san ɗacin wannan. A 1988 aka gano gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na Nijeriya, lamarin da ya taimaka wajen haifar da Yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai haɗari cikin nahiyar. A unguwar Agbogbloshie ta birnin Ankara, kafin a rushe kasuwar ƴan gwangwan a 2021, samari sun shekara da shekaru suna ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin.

To, shin malamin Dogo ne zai ɗauki wannan alhaki? Gaskiya ita ce kasonsa kaɗan ne ƙwarai. Shi ne mai na biyu, ya kuma ƙara wa na'urar fiye da shekara 10 bayan mai ita na farko ya yar. Ba daidai ba ne wanda ke sauya waya duk shekara biyu a Paris ya yi wa irin wannan mutum wa'azin tattali. Amma ƙanƙantar kaso ba ta kawar da tambayar ina tsohuwar za ta. A garin da babu wurin sarrafa irin wannan shara, batirin da aka jefa a bola yana ƙarewa ne a cikin ƙasar da ake noma, ko kusa da rijiya, ko a hannun yara. Wanda zai sayi sabuwa, wajibi ne ya san makomar tsohuwar kafin ya miƙa kuɗi.

Hanya ta uku

Ɗan kasuwa yakan gabatar da zaɓi biyu: ko a saya ko a ci gaba da wahala. Akwai na uku, shi ne gyara. Abin da ya fi rage wa tsohuwar kwamfuta sauri shi ne faifan ajiya mai juyawa. In aka musanya shi da irin na zamani marar motsi, wanda ake kira SSD, na'urar da ke ɗaukar mintoci kafin ta buɗe takan buɗe cikin ƙasa da minti guda. Ana iya ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki, a sauya batir, a buɗe ta a kakkaɓe ƙura. Tsofaffin samfura ma sun fi sauƙin wannan aiki, domin da ƙusoshi aka ɗaure su, alhali a wasu sirarar yanzu an liƙe batir, an narka ƙwaƙwalwar a jikin allo. Duk wannan gyara ba ya kai kusa da kuɗin sabuwa, kuma kuɗin yana shiga aljihun wani saurayi mai gyara a Zinder ko a kasuwar Farm Centre ta Kano. Waɗannan samari su ne maƙeran wannan zamani, kuma al'ummar da ta daina kai musu aiki za ta wayi gari ba ta da mai buɗe mata cikin na'ura. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tsufan da aka yanke daga nesa shi ma yana da mafita. Manhajojin dangin Linux kyauta ne, ana sabunta su, kuma wasunsu, kamar Emmabuntüs da wasu ƴan sa-kai suka fara a Faransa a 2011, an tsara su ne musamman don raya tsofaffin kwamfutoci. LibreOffice tana rubutu da lissafi kamar yadda malami ke buƙata. Sai dai kada a ɓoye wahalar: sai an koyi sabon hali, kuma sai an sami wanda zai nuna hanya. A nan ƙungiyoyin malamai da na al'adu suke da rawar takawa. Ranar horo guda a hutun makaranta tana iya ceto kwamfutoci goma daga bola.

Akwai kuma abin da ya fi wannan duka muhimmanci. Darajar kwamfutar malamin ba ta kai darajar abin da ke cikinta ba. Ƙarfe da roba ana sayen wasu, amma tsohuwar da ta ba da tatsuniya a 2016 ta riga mu gidan gaskiya, ba za a sake jin ta ba. Malaman Hausa da suka fara bugu a shekarun 1990 sun san wani ciwo: sun rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƴ da haruffan musamman na wancan lokaci, da suka kai rubutun wata na'ura sai ƙugiyoyin suka rikiɗe suka zama alamomi marasa ma'ana. Maganin shi ne a mayar da rubutun kan tsarin Unicode, wanda kowace na'ura ke ganewa, a kwafe shi wuri biyu ko uku, a buga mafi muhimmanci a takarda, a ba ƙungiya ko ɗakin karatu kwafi. Wanda ya yi haka ya sauke rabin amanar, ko ya sauya kwamfuta ko bai sauya ba. Wanda bai yi ba kuwa, sabuwa ba za ta cece shi ba, don ita ma ana sata, ita ma tana faɗuwa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya tsayar da ma'auni kamar haka. Mai tsohuwar kwamfuta ya fara tambayar kansa wane irin tsufa ne ya same ta. In na ido ne, ya yi haƙuri, ya tuna rigar Diderot. In na jiki ne ko na manhaja, ya nemi gyara tukuna. In an gyara amma aikin da aka ba shi amana yana ci gaba da cutuwa, to, sauyawa ta tashi daga ƙawa ta zama buƙata, jinkirta ta kuma ga mai hali kuskure ne. Ko a nan ma sai ya saya daidai aikinsa, da kuɗin da ba a ciro daga bakin iyali ba, ya kuma samar wa tsohuwar gida: ɗalibi mai koyon bugu, ko ofishin ƙungiya, ko mai gyaran da zai amfana da sassanta.

Malamin Dogo ya mayar wa ɗan'uwansa sabuwar tare da godiya. Ya kai tasa Zinder aka sa mata sabon faifai da batir, ya kwafe tatsuniyoyinsa wuri uku, sannan ya shiga adashe da abokan aikinsa da niyyar in kwasarsa ta zo, ya sake duba halin da take ciki. Mai yiwuwa a lokacin hukuncin ya zama na sauyawa, kuma ba zai zama ya saɓa wa kansa ba, domin ma'aunin bai canza ba, yanayin ne ya canza. Wani malamin, wanda tasa ta wuce gyara kuma jarrabawa ta ƙarato, in ya karɓi sabuwar a ranar, shi ma ya yi daidai. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne, matuƙar tana warkarwa. Ranar da ta daina, haƙƙin marar lafiya ya fi ƙarfin soyayyar da ake yi wa ƙwaryar zuman. Allah Ya sa a dace.